Ginshiƙin da ke tare ruwa ba asarar kwal ba ne

Wata magana da ake yayatawa a harkar haƙar kwal tana ci mini rai: wai tunda an samu na'urorin sa ido da lissafin kwamfuta, sai a rage kaurin ginshiƙan kwal da ake bari a ƙarƙashin ƙasa, a kwashe sauran. Har "asara" suke kiran abin da aka bari.

Inda kwal yake kwance, nauyin rufi kawai ginshiƙi ke ɗauka. Amma inda ya karkata fiye da digiri 45, kamar a Asturiyas ta Sifen, ko kewayen Urumci a Sin inda wani ya kusa miƙewa tsaye, nauyin ta gefe yake turowa. Gefen ginshiƙin na ƙasa sai ya riƙa marmashewa, ɓarɓashin na gangarawa, ya yi ta ramewa ba tare da an sa masa diga ba. Ga tsofaffin ramuka a saman kan ma'aikata, can kuwa ruwa ke taruwa. Ginshiƙin nan madatsar ruwa ce. Ruwa mai zurfin mita 100 yana danna kowane murabba'in mita da nauyin tan 100, yana kuma jiƙa lakar da ke tsakanin kwal da dutse har ta yi santsi.

Ran 27 ga Disamba 1975, a mahaƙar Casnala kusa da Danbad a Indiya, ruwan tsohon rami ya ɓalle, mutum fiye da 370 suka halaka. Masu cewa a ƙaro manyan injinan zuƙe ruwa, su faɗa mana wane inji ne zai riga ruwa irin wannan isa inda mutum ke aiki.

Lissafin ma da suke tinƙaho da shi fa? Shahararren ma'aunin ƙarfin ginshiƙi na masana Salamon da Munro na 1967, wanda ya biyo bayan ruftawar mahaƙar Kolburuk da ta ci mutum 437 a Afirka ta Kudu a 1960, daga kwal na kwance aka samo shi. Ɗora shi kan kwal na tsaye ganganci ne. Kwamfuta kuma taswirar da aka ba ta take bi. A mahaƙar Kiyukirik ta Amurka a 2002, tsohuwar taswira mara daidai ce ta sa aka huda rami mai cike da ruwa, mutum 9 suka shafe fiye da kwana 3 a maƙale kafin a ceto su.

A huda dogayen ramukan gwaji kafin a matsa gaba, a tsiyaye ruwan tsofaffin ramukan da ke sama tukuna, a cike guraben da aka haƙe da yashi ko dutse. Shugaban da ya sa hannu a rage ginshiƙi kuwa, shi ma ya riƙa sauka da ma'aikata yana yin aikin dare a ƙarƙashinsa.