Abincin Magen Hajiya

(Kasuwar Wadata, Yamai. Alhaji Ba'adare na cikin shagonsa. Baƙauye na zaune gefen wani buɗaɗɗen buhu, bakinsa na ta motsi. Sai ga Hajiya da Likitan dabbobi.)

HAJIYA: Alhaji, ka ji tsoron Allah! Jaka 7 na ba ka, ga magena can kwance sai amai take.

ALHAJI: Haba Hajjaju! Dubi buhun, ga hoton kifi ɓaro-ɓaro. Kayan Turai ne.

LIKITA: (ya ɗebo ya shinshina) Kifin nan warin fumfuna yake. Ina aka ajiye shi?

ALHAJI: A sito, tun kafin damina. Rufin na ɗan yoyo, amma ba kullum ba, sai in an yi ruwa.

LIKITA: Alhaji, rabin abincin nan hatsi ne. Masara in ta sha lema takan yi fumfuna mai dafi, hanta yake ci.

ALHAJI: Ai shi ya sa na sirka shi da sabo. Na kare.

HAJIYA: Na kare? Inna lillahi!

ALHAJI: Duk ba ƙafa huɗu ba ne?

LIKITA: Akwai sinadarin da mage ke samu a nama, na kare bai ishe ta ba. In ta daɗe a kansa, ido ya mutu, zuciya ta kumbura.

ALHAJI: To amma karanta rubutun, furotin har ya yi yawa.

LIKITA: Rubutu? A 2007, a Amurka, buhunan ma da rubutunsu tsaf. Ashe cikin garin alkamar da aka sayo daga Sin an zuba melamin, abin da ake yin farantan roba da shi, don in an auna a ga kamar furotin ne. Ƙodar maguna da karnuka ta lalace, da yawa suka mutu, aka bi shaguna ana kwashe kayan.

ALHAJI: Kin ji ko, Hajiya? Har Amurka ana yi. Ni ne dai aka raina.

HAJIYA: Wannan jan garin da ke ciki fa?

ALHAJI: Busasshiyar albasa ce na daka, don ta danne warin. Kyauta na sa miki.

LIKITA: Albasa farfasa jinin mage take yi, ɗanya ko busasshiya.

ALHAJI: (ya miƙe tsaye) Likita, ka zagi buhuna na yi shiru. Amma albasar Galmi? A gabana?

BAƘAUYE: (ya daina tauna) Gafara dai, Likita. Wannan batun hanta da ƙoda, na mage ne kaɗai?

LIKITA: Me ya faru, Baba?

BAƘAUYE: Tun hantsi nake ci. Yaron shago ya ce cincin ne na Nasara.

LIKITA: Tashi mu tafi asibiti!

ALHAJI: Dakata tukuna. Rabin tiya ya ci, na ƙirga. Jaka ɗaya da rabi.