Sharaɗin da Ya Ɓace a Daftarin Ƙungiyar Mashaya Taba

A makon jiya wani ya turo mini ta WhatsApp daftarin tsarin mulkin wata ƙungiya. Wasu samari ne a nan Gombe ke shirin kafa ƙungiyar kare haƙƙin mashaya taba, har sun kai ga tsara wanda ya cancanci zama a kwamitin amintattu. Sharuɗɗan sun cika shafi guda: sai wanda ya kai shekara 25, sai mazaunin jihar, sai wanda ya yi aƙalla shekara 5 yana shan sigari kuma bai daina ba, sai mai kamun kai, sai wanda ya biya kuɗin rajista. Na karanta har ƙarshe, na dawo farko ina neman layi ɗaya tak, wanda zai ce duk mai cin abinci daga hannun kamfanin taba ko dilolinsa ba zai zauna a kujerar ba. Babu shi.

Masu cewa a hana su kafa ƙungiyar baki ɗaya su koma su karanta sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999, ba ni da lokacinsu yau. Mashayin taba ɗan ƙasa ne, yana da damar haɗuwa da 'yan uwansa. Abin da ya dame ni shi ne da bakin wa ƙungiyar za ta yi magana.

Wani ɓangare na abin da suka rubuta ma doka ta riga ta ɗauke musu. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ke yi wa ƙungiyoyi rajista da ita, ta hana yaro, da mai taɓin hankali, da wanda ya karye bashi ya yi masa katutu, da wanda kotu ta kama da zamba cikin shekara 5 da suka wuce, zama amintacce. Wannan shara ce da aka yi musu. Wurin da dokar ta yi shiru, wurin da ya kamata su nuna da gaske suke, nan ne suka tsallake.

Kuma ba sabon abu ba ne. A Ingila an kafa ƙungiyar FOREST a 1979 da sunan kare 'yancin mashaya, amma kuɗin tafiyar da ita daga kamfanonin taba yake fitowa. A Amurka, a 1993, kamfanin taba na Philip Morris ne ya ɗauki nauyin kafa ƙungiyar National Smokers Alliance ta hannun wani kamfanin hulɗa da jama'a, aka riƙa nuna ta a matsayin muryar talakan mashayi, alhali aikinta yaƙar dokokin hana shan taba a wuraren taruwa. Irin wannan ne ya sa yarjejeniyar taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 2005, ta ƙunshi sashe na 5.3, mai cewa a kare manufofin lafiya daga tsoma bakin masana'antar taba. Kamfani ya san idan ya zo da fuskarsa gaban majalisa za a yi masa kallon mai neman riba. Sai ya turo wanda ke tari.

Bukatar mashayi da ta dila ai ba ɗaya ba ce. Direban da ke jiran layi a Tashar Dukku, abin da yake so shi ne a ware masa gefe kada a wulaƙanta shi gaban fasinja, ranar da ya yi niyyar dainawa kuma ya sami asibitin da zai taimake shi. Dila kuwa so yake kada a ƙara haraji, kada hoton gargaɗin da ke jikin kwali ya yi girma, a kuma ci gaba da kau da kai daga sayar da kara ɗaiɗai. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba. Je ka teburin mai shayi a Pantami ko Jekadafari bayan isha'i ka ga yadda ake bin ta. To ran da gwamnati ta farka ta ce za ta aiwatar, wane ɓangare kwamitin zai tsaya? Idan ma'ajin ƙungiyar shi ne mai raba katan-katan a kasuwa, amsar ba ta bukatar duba. Wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Sharaɗin shekara 5 ɗin nan ma abin dariya ne, in ba don abin tausayi ne ba. Ya kori mutumin da ya sha shekara 30 ya daina bayan likita ya nuna masa hoton ƙirjinsa, wato wanda ya fi kowa sanin zancen. Amma ya bar ƙofa a buɗe ga wakilin dila, muddin yana busa hayaƙi. Taba na kashe har kusan rabin masu shanta da ba su daina ba. Ƙungiyar da ta ce don su aka kafa ta, amma ta kasa ware kujera ɗaya ga wanda ya tsira, ta riga ta faɗi abin da take karewa.

Za a ce ƙungiya ba ta tafiya sai da kuɗi, samarin kuma ba su da shi. To su yi karo-karo kamar kowa. 'Yan acaɓa da masu faci da haka suke riƙe nasu.

Gyaran bai fi layi biyu ba: ba dila, ba ma'aikacin kamfanin taba, ba wanda ya karɓi kuɗinsu, sannan kowane amintacce ya bayyana hanyar cin abincinsa a rubuce. Na aika wa wanda ya turo mini daftarin wannan, na haɗa da tambayar wa ya biya lauyan da ya rubuta musu shi. Ya karanta tun ranar Laraba, har yanzu bai ce uffan ba.