Farar Shaddar Alhaji a Ranar Holi

Ranar Juma'a ce, 14 ga Maris 2025, azumi ya doshi rabi. A wani masauki da ke Noida, gefen birnin Delhi, Alhaji Bakano da ya je sarin mayafai ya fito tsaf cikin farar shadda mai maiƙo. Jauro Bafulatani, wanda aka kai aikin ido, yana zaune da sandarsa. Tafintansu wani ɗalibi ne Bazazzagi.

Bazazzagi: Alhaji, ina zuwa haka kamar ango?

Bakano: Masallaci mana. Ko labarin Juma'a bai iso Zariya ba?

Bazazzagi: Yau Holi ce, bikin watsa launi na mabiya addinin Hindu. Ka sa tsohuwar riga, ka shafe fuska da man kwakwa don kada launi ya kama. Ko ka dakata, ai masallatai da dama a jihar nan ta Uttar Pradesh sun ɗage sallah zuwa ƙarfe biyu, sai wasa ya lafa.

Bakano: Yaro, ina kallon Indiya a silimar Marhaba tun babanka yana makarantar allo. Holin me za ka koya mini? A yi waƙa, a watsa hoda, budurwa ta ɓuya a bayan bishiya.

Bazazzagi: A Marhaba kana kan benci ne, Alhaji. Yau kana cikin fim ɗin.

Jauro: Aradu ni jiya ban runtsa ba. Na leƙa taga, na ga sun tara itace da busasshen kashin shanu a mararraba, sun cinna wuta suna zagayawa. Har na ɗauko buta.

Bazazzagi: Holika Dahan ke nan, Baffa. A labarinsu, wani sarki Hiranyakashipu ya ce shi za a bauta wa, ɗansa Prahlad ya ƙi, ya riƙe abin bautarsu Vishnu. Sai 'yar'uwar sarkin, Holika, wadda wuta ba ta ci, ta ɗora yaron a cinya ta shiga wuta. Ita ta ƙone ƙurmus, yaro ya fito ko gashinsa bai taɓu ba.

Bakano: Ka ji gwaggo! Ba ta ji an ce in za ka gina ramin mugunta ka gina shi gajere ba. Ku tashi mu tafi.

Ba su yi taku ashirin ba balan-balan cike da jan ruwa ta sauko daga bene ta fashe a kan hular Alhaji. Kafin ya ɗaga kai, yara uku sun kewaye shi da bindigogin ruwa, pichkari suke ce musu. Wani saurayi kuma ya cika tafin hannu da koriyar hoda ya goge masa kumatu, yana ihu: "Bura na mano, Holi hai!"

Bakano: Ashar? Ni? Da azumi a bakina? Jauro, miƙo sandar nan!

Bazazzagi: Ba zagi ba ne, Alhaji! A Hindi kalmar farkon nan "mummuna" take nufi. Cewa ya yi kada ranka ya ɓaci, Holi ce.

Bakano: To ya nemi wata kalmar. A Fagge da wannan har gaban mai unguwa.

Bazazzagi: Ai na ɗauka ka ƙware a Indiyanci.

Bakano: Ranar da aka koyar da wannan ba ni da kuɗin tikiti.

Jauro: Kaɗo, ka ganka kuwa? Kanka ja, gemunka kore, bayanka shuɗi. Ko idon da aka gyara mini ne ya lalace?

Bakano: Shaddar da na ɓoye wa Sallah! Ko marinar Ƙofar Mata ba ta yi wa tufa haka a minti ɗaya.

Ana cikin haka sai ga dattijon da ke maƙwabtaka da masaukinsu. Shi dai da ladabi ya zo: ya haɗa tafukan hannu, ya ɗiga musu hoda kaɗan a goshi, ya miƙo faranti yana cewa "gujiya".

Jauro: Gujiya? Har nan ake noma ta? Bari in gani. Kai, wannan ai fanke ne ya yi ciki.

Bazazzagi: Suna ne ya zo ɗaya, Baffa. Fulawa ce aka naɗe da daskararriyar madara da sukari, aka soya. Ita ce cincin ɗin wannan sallar tasu.

Da Bazazzagi ya ce masa "roza", wato azumi, dattijo ya dafa ƙirji, ya koma gida ya ƙunso musu ninki biyu don buɗa-baki. Nan fuskar Alhaji ta ɗan saki, duk da ba a iya gane hakan sosai a ƙarƙashin koren.

Bazazzagi: Ku gode wa Allah ba Barsana kuka je ba, can kusa da Mathura. Kwanaki kafin yau mazan Nandgaon ke zuwa garin, mata su fito da gora su yi ta jibgarsu, su kuma suna karewa da garkuwa. Lathmar Holi ake kiransa.

Jauro: Sharo! Mata ke yi wa maza sharo? In ya jure, a ba shi yarinyar?

Bazazzagi: Ko sisi. Kwaikwayon abin bautarsu Krishna suke yi, da yake zuwa tsokanar masoyiyarsa Radha da ƙawayenta. Makiyayin shanu ne, ga sarewa.

Jauro: Makiyayi, ga sarewa, ga tsokanar 'yan mata. Aradu a binciki dangin wannan yaron.

Sun dai samu Juma'a, bayan Alhaji ya ari jallabiyar Bazazzagi wadda ta tsaya masa a gwiwa. Da aka sha ruwa, ya baza shaddar a kan gado yana ɗaukar ta hoto, waya a kunne.

Bakano: Ɗanladi, ka gani? Ka nuna wa 'yan Kwari, ka ce sabon yayi ne daga Delhi, guda ɗaya tak aka yi. Kada ka sallama ƙasa da ninki uku.

Jauro kuwa yana ƙuryar ɗaki yana ta ƙyalƙyala dariya shi kaɗai, ga gorar roba a gefensa babu komai ciki.

Jauro: Kaɗo, yaushe ka zama biyu? Dukanku munana.

Bazazzagi: Baffa, me ka sha?

Jauro: Nonon da samarin nan suka ba ni ɗazu, na adana. Tandai ko me?

Bazazzagi: Thandai. Madara ce da almon da kayan ƙamshi, amma ranar Holi wasu suna kirɓa ganyen wiwi a ciki. Wacce suka ba ka, fara ko koriya?

Jauro: Koriya mana. Ni na ce saniyar ce ta ƙoshi da ciyawa.