Kiɗan Melvins ba na lasifikar waya ba ne

Duk sanda aka ɗora bidiyon Melvins ko Eyehategod, ƙungiyoyin makaɗan rock na Amurka, suna wasa a kan dandamali, sai wani ya shigo ya ce, "Malam, wannan ai hayaniya ce kawai." Ban ga laifinsa ba, abin da wayarsa ta ba shi ke nan. Nauyin irin kiɗansu, wato sludge, rock mai nauyi da jinkiri, yana can ƙasan sauti, wajen jita mai kauri da babbar ganga, kuma 'yar lasifikar waya ba ta iya fitar da wannan gurnani. Sai ta zubar da shi, ta bar maka ƙarar faranti da ihun mawaƙi. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da tambari ranar hawan Sallah ya san akwai kiɗan da ƙirji ke fara ji kafin kunne.

Abin da ya fi burge ni a wurin Melvins shi ne jinkiri. A 1983 aka kafa Melvins a Montesano, wani ɗan gari a jihar Washington ta Amurka, lokacin da samari masu kiɗan punk ke gasar wa ya fi wani gudu. Su kuwa ba su jima ba suka taka birki, suka koma tafiya irin ta Black Sabbath, tsofaffin makaɗan rock mai nauyi na Ingila. Daga baya mutanen New Orleans, irin su Eyehategod da Crowbar, suka ƙara wa abin ɗaci. Kiɗa da gudu yana rufa wa makaɗi asiri, in ya yi kuskure kafin ka ankara an wuce. Amma in bugu ɗaya ya yi nisa da na gaba, kowa a ɗakin jira yake, hannun Dale Crover, mai gangar Melvins, na sama riƙe da sanda, mai jita ya matsa jikin amfilifaya tana ta tsuwa, kawuna sun sunkuya. In ya sauke sandar nan kafin lokaci, an ji shi.

Kuma mutanen nan ba malalata ba ne. A 2006 sun koma fita da masu ganga biyu a lokaci guda. A 2012 sun yi wasa 51 cikin kwana 51, kowace jiha ta Amurka da babban birnin ƙasar.

Ɓangaren alternative rock kuwa, wato irin kiɗan ƙungiyar Nirvana, a nan nake raba hanya da abokaina. Kurt Cobain, mawaƙin Nirvana, a gindin Melvins ya taso, har Crover ya buga ganga a wasu waƙoƙin faifan Nirvana na farko a 1989. Amma da Nirvana suka zauna a New York a Nuwamban 1993 suka yi wasa wa tashar talabijin ta MTV a natse, ba ruri ba tsuwa, waƙoƙinsu sun tsaya da ƙafarsu. Sludge ba zai iya wannan ba, gaskiya ɗaya ce. Ka rage masa ƙara, ka kashe shi. Ni dai ban ɗauki hakan aibi ba, kiɗa ne na ƙaramin ɗaki mai zafi, ba na katon filin ƙwallo ba, inda rabin jama'a allon talabijin suke kallo.

Ku da ke zaune Turai ko Amurka, in Melvins sun zo garinku ku je, amma da abin toshe kunne a aljihu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicin ƙarar wuraren wasa ya wuce desibel 100, kuma ba kowane mai kula da na'ura ne ya damu da wannan ba.