"Librairie" ba laburare ba ne

Yana damuna in ji ana cewa "librairie" ta Faransanci ita ce laburare. Masu wannan zato suna da hujja, don tushen kalmomin ɗaya ne: "liber" ta Latin. Da farko ɓawon itace take nufi, daga baya ta zama littafi, saboda a kansa ake rubutu. Ingilishi, inda Hausa ta samo "laburare" daga "library", ya aro kalmar daga Faransanci a ƙarni na 14, lokacin tana nufin ma'ajiyar littattafai, ya kuma riƙe ma'anar. Faransawa kuwa suka mayar da ita shagon sayar da littattafai, haka ma "librería" a Sifaniya. Ɗalibin Kano da ya ga allon "librairie" a Maraɗi, in ya shiga, kuɗi zai biya. In aro yake so, sai ya nemi "bibliothèque", wadda asalinta Girkanci ne.