Kofin Apollo da ke kan teburina ba almubazzaranci ba ne

Tun ranar da na ɗora hoton kofin nan a shafina ake ta yi mini magana. Wani abokina da muke zama wurin mai shayi a nan Birnin Kebbi ya ce kuɗinsa zai sayi kofuna goma a kasuwa. Tabbas zai saya. Amma kalmar almubazzaranci da ya kira ita ce ban yarda da ita ba.

Ƙanena da ke karatu a waje ne ya kawo mini shi tsaraba. Tangaran ne, an yi shi da siffar ɗan ɗakin da mutum uku suka zauna a ciki a tafiyar Apollo 11 zuwa wata a 1969: ƙasa da faɗi, sama a tsuke, kamar an kife mazurari. A Amurka akwai masu tara irin waɗannan, har da gorar ruwa mai siffar roka.

Ranar nan ɗan yayata, ɗan aji biyar, ya ɗauke shi yana jujjuyawa, ya ce, "Kawu, wanga kofi don mi gindinai yaf fi bakinai faɗi?" Wallahi daɗi ya kama ni, domin ainihin tambayar ke nan. Na ce masa rokar da ta ɗaga su, Saturn V, tsayinta ya kai mita 110, amma duk girman nan ɗan ɗakin kaɗai ya dawo gida, faɗinsa bai cika mita 4 ba. Yana kutsowa cikin iskar duniya da gudun kusan kilomita 11 a daƙiƙa ɗaya, kuma gindin nan mai faɗi shi ke gaba. Shi ke tare wutar da gudun nan ke haddasawa, yana cinyewa kaɗan-kaɗan, su Armstrong da Aldrin da Collins suna ciki lafiya, har suka sauka tekun Pasifik ranar 24 ga Yuli. Yaron nan littafin kimiyyarsa na cikin jaka tun farkon zango bai taɓa tambayata komai a kai ba. Washegari sai ga shi da abokansa biyu, wai a sake ba su labarin.

Masu cewa tara kwanuka ɗabi'ar Turawa ce, ku leƙa ɗakin kakanninmu mata. Jeren kwalla da samira da tasoshi tun daga ƙasa har rufi, wasu ba a taɓa zuba tuwo a ciki ba, amma kowanne tsohuwa ta san wanda ya kawo shi da bikin da aka kawo shi. Ba wanda ya ce musu sun yi ɓarna.

Ba duka nake yabo ba fa. Wanda aka ɗauki kofi gama-gari aka manna masa tambarin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, aka ninka kuɗi, wannan ciniki ne kawai, ba ya koya wa kowa komai. Siffar ita ce darasin. Wanda na fi kwaɗayin samu shi ne kwafin kofin da ɗan sama jannatin Amurka Don Pettit ya ƙirƙira a tashar sararin samaniya a 2008. A can ruwa ba ya zuba ƙasa, da tsinke ake zuƙa daga leda. Sai ya lanƙwasa roba ya yi mata lungu siriri a gefe guda, ruwan yana bin lungun yana hawa zuwa baki da kansa, kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Duk yaron da ya taɓa kunna fitilar ƙwai zai gane wannan nan take.

Abin da ke ci mini rai shi ne namu. An harba NigeriaSat-1, tauraron ɗan'adam na Najeriya, daga Rasha a 2003, amma yara nawa a Argungu ko Jega suka san kamanninsa? Muna da maginan tukwane, muna da masu zanen ƙwarya da hannunsu ya faɗa. Makon jiya na je wurin wani dattijo mai ƙwarya, na ce, "Baba, za ka iya zana mini tauraron ɗan'adam a jikin ƙoƙon fura?" Ya ce in dai akwai hoto, in kawo. Na buga hoton jiya, ranar Asabar zan kai masa in Allah ya kai mu.