Mun biya kuɗin awa 2, aka ba mu minti 9 a Rovaniemi

Har yanzu in na tuna yadda leɓen 'yata ya koma shuɗi don sanyi, zuciyata tafasa take yi. Shekara guda cur ni da uwargida muna tara kuɗi don mu kai yarinyar nan Lapland, can arewacin ƙasar Finland, ta ga karnukan huski da take ta gani a talabijin. Makon farko na Janairu muka hau jirgin ƙasa na dare daga Helsinki, kusan awa 12 kafin mu sauka Rovaniemi, babban garin Lapland. Tun watanni biyu kafin tafiyar na biya wani kamfanin yawon buɗe ido Yuro 540, mu uku. A rubuce yake ƙarara: awa 2 a kan amalanken ƙanƙara da karnuka ke ja, kilomita 10 cikin daji, kayan sanyi nasu ne, har da abin taɓawa a bakin wuta.

Ba sanyi nake kuka da shi ba. Wanda ya zo garin da layin Aktik, wato iyakar yankin ƙanƙara na can arewacin duniya, ya ratsa kilomita 8 kawai daga tsakiyarsa ya san abin da zai tarar. A irin wannan lokaci kusan awa 3 kawai rana ke yi a sama, mun sani, mun shirya. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ƙarya da haɗama.

Muna isa gonar karnukan muka tarar da manyan motoci huɗu sun riga sun sauke mutane. Amalanke shida kacal ke aiki. Aka jera mu a layi a fili, digiri 27 ƙasa da sifiri, ba rumfa ba wuta, har awa ɗaya da kwata. Takalman da suka ba 'yata a jiƙe suke daga ciki, wani ya cire ke nan aka miƙo mata. Duk mai aiki a Lapland ya san jiƙaƙƙen takalmi a wannan sanyi shi ke kashe yatsu. Yarinya mai shekara 7 tana kuka tana cewa, "Abba, ba na jin ƙafata." Na je wurin ma'aikaciyar na roƙi busassun takalma, ko kallona ba ta yi ba, wai sun ƙare. To in sun ƙare, don me kuka karɓi kuɗin mutanen da ba ku da kayansu? A tsaye uwargida ta cire safarta ta ƙara wa yarinyar.

Da layi ya zo kanmu, aka zagaya da mu wani ɗan fili a bayan kejin karnuka, aka dawo. Na duba agogo, minti 9. Ina dajin? Ina kilomita 10? Wai mutane sun yi yawa yau, dole a taƙaita. Laifin wa ne mutane suka yi yawa? Ni na sayar musu da tikiti?

Karnukan ma sun ba ni tausayi wallahi. Huski dabba ce mai son gudu, in ana ɗaura masa igiya har tsalle yake yi yana haushi. Namu kuwa suna tsayawa sai su zube a kan ƙanƙara, harshe a waje. Tun da muke layi ban ga an canza ko ɗaya ba.

Sai maganar abinci. Na rubuta musu sau biyu cewa mu Musulmi ne, ba ma cin alade, suka amsa cewa ba damuwa. A bukkar da ake cin abinci sai ga tsiran alade a tsinke an miƙo wa 'yata. Da ban tambaya ba, da ta kai baki. Ruwan 'ya'yan itace mai ɗumi kawai muka sha muka fito da yunwa.

Na nemi a mayar mini da ko da rabin kuɗina. Bayan kwana 11 suka turo amsa cewa awa 2 ɗin ta haɗa da shiga mota, sa kaya da jira. Jira! Tsayuwar da 'yata ta yi tana kuka a kan ƙanƙara ita ce suka lissafa mini a matsayin abin da na saya. Rasit yana hannuna, saƙonninsu duka na ajiye, da hoton takalman. Na riga na fara cike takardar kai ƙara gaban hukumar sasanta rikicin masu saye ta ƙasar Finland, kuma ba zan janye ba sai sun biya.